Zaren da Ya Hau Lallen Tasalla

A Bangui, idan ka baro titin Koudoukou ka yanki lungun mahauta kamar za ka Kokoro, gida na huɗu a hannun hagu shi ne na Gwaggo Tasalla mai lalle. Ba sai ka tambayi kowa ba, ƙarar turmi za ta kai ka. Ita kuwa kafin ka rufe baki daga sallama ta riga ta gano ɗan wane ne kai, da wanda uwarka ta fara aura, da abin da ya kashe auren. Wai a kunne take ganewa. Yara nawa ta kalli kunnuwansu a gidan suna, ta yi gyaran murya, ta ce "Allah ya raya," matan da suka san ta suka sunkuyar da kai suna danne dariya.

Bishiyoyin lalle uku ne a tsakar gidanta, jere a jikin katanga. Uwarta ce ta zo da reshen ta farko daga arewa, naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, tun Tasalla ba ta isa ɗaukar tulu ba. Sauran biyun daga jikin ta farkon aka yanka. Da su take ci, da su take sha. Ta tsinke ganye, ta shanya a inuwa, ta daka, ta tankaɗe, amaren unguwar Kilomita Biyar su aiko a saya, don sun ce nata ya fi na kanti kamawa. Lokacin rikicin da ya kori mutane, shekara biyu ta yi a Kamaru. Da ta dawo, ba rufi ba ƙofa, lallen sun ƙone har ƙasa, sai kututture uku baƙi ƙirin. Damina ɗaya suka yi toho. Tun daga nan ko akuya ba ta yarda ta shinshina su.

To, farkon daminar bara ne Alhasan ya shigo da abin. Alhasan ɗan Maraɗi ne mai sayar da atamfa a bakin kasuwa, bai fi shekara biyu a Bangui ba, kuma duk ranar da gozo, tuwon rogon garin, ya ishe shi gidan Tasalla yake zuwa neman tuwo. Ran nan ya dawo daga ƙauye, ya ajiye mata wani dunƙulen zare mai ruwan ɗorawa, a harɗe kamar taliyar da aka dafa aka manta.

"Inna, ga tsarabarki. A bakin hanya na gan shi bisa wani icce, na sa mai babur ya tsaya. Mu can gida rumfar gada muke ce mishi. Mata na dafa shi su wanke kai, gashi ya hito."

"Wa ya ce maka gashina ya zube?"

"Ni ban ce ba, Inna."

"To wa ka kawo wa?"

"Maƙwabta."

Ta karɓa dai. Da ya tafi ta leƙa ƙofa ta tabbata Inno mai soya makala, fanken garin, ƙawarta ta katanga ɗaya, ba ta gani ba, sannan ta warware zaren ta baza shi a kan lallen tsakiya don ya bushe a inuwa. Aka yi rasuwa a unguwar Yakité, ta tafi zaman makoki, kwana huɗu ba ta tuna da shi ba.

Ranar da ta tuna, ta sa hannu za ta kwashe, ya ƙi tahowa. Ta ja, reshe ya biyo. Ta matso da ido. Zaren bai bushe ba, sai ma sheƙi da ya ƙara, ya naɗe reshen lalle sau uku sau huɗu, ya kafa wasu 'yan ƙurarraji a jikin ɓawon kamar ƙafafun tsutsa. Ta bi shi da yatsa tana neman gindinsa. Ta bi nan, ya ƙare a iska. Ta bi can, ya ƙare a iska. Ba saiwa, ba ganye ko ɗaya, amma ga shi da rai.

Tasalla ta jawo kujera ta zauna a gabansa har tuwonta ya kama a wuta.

Abin da ta yanke a ranta shi ne, wannan jariri ne. Ai kowane abu haka yake farawa. Talibambam ba shi da hannu ba shi da ƙafa, daga baya ya zama kwaɗo. Ɗan tsako daga ruwan ƙwai yake. Jaririn mutum ba haƙori ba magana. Komai daga ƙanƙani yake tashi, a ƙara masa wannan a ƙara masa wancan har ya cika. Saboda haka wannan ma goyo yake bukata. In ya yi ƙwari zai sako saiwa ƙasa, ya fitar da ganye, a ga wace irin bishiya ce. Ta ɗaura niyyar sai ta ga ƙarshensa.

Da ta bar maganar a cikinta, da sauƙi. Amma Tasalla ce. Kafin Juma'a duk lungu ya ji cewa akwai wata bishiyar jeji da take raino, wadda ba a taɓa ganin irinta a Bangui ba. Inno ta leƙo ta kan katanga, hannunta duk ƙullu, ta kalli zaren ta taɓe baki.

"Wannan ce bishiyar? Ni na ɗauka igiyar shanya ce ta ruɓe."

"Ke dai ki jira. Ranar da za ta yi inuwa, kar ki kawo tabarmarki."

"In ta yi ganye ɗaya tal, Tasalla, ni da bakina zan zaga lungun nan in ce kin fi ni hankali."

"Ki fara wanke maƙogwaro."

Damina ta yi ta zuba, zare ya yi ta tafiya. Ya gama da lallen tsakiya, ya miƙa hannu ya kama na dama, ya lallaɓa ya taɓa tsohuwar, wadda uwarta ta dasa. Ya yi 'yan furanni farare kamar ƙwayar gero, ya yi 'ya'ya kamar duwatsun tasbaha, suna nuna suna zubewa. Ganye dai shiru. Da ruwa ya ɗauke, Tasalla ta ce ƙila ƙasar ce ta yi masa tauri shi ya sa saiwa ta ƙi saukowa. Sai ta shiga yi wa gindin ban ruwa safe da yamma, bokiti biyu biyu daga rijiya, ita da bayanta ke ciwo.

A nan ne lallen suka fara gaya mata gaskiya, ita kuma ta ƙi ji. Ganyen ya ƙanƙance, ya yi fari-fari. Abin da take tsinka kwando biyu ya koma rabin kwando. Na tsakiya ya soma bushewa daga sama. Wata amarya ta aiko ƙanwarta da cewa lallen bana bai kama ba, ya yi kalar shayin da ba ganye. Tasalla ta ce hannun amaryar ne ke da maiƙo. Amma bayan yarinyar ta fita ta tsaya a gaban tsohuwar bishiyar, ta murza ganye ɗaya a yatsa, ta ga ko ja bai bari ba. Azumi ya kusa, bayansa Sallah, bayan Sallah bukukuwa, ga shi abin da wuta ba ta kashe ba yana mutuwa a tsaye.

Ran Asabar da hantsi jikarta Hafiza ta zo. Hafiza tana karatun halittu a jami'a, tana zaune wurin iyayenta a wata unguwa, ta daɗe ba ta leƙo ba saboda jarrabawa. Irin yaran nan ne da in suka fara zance da Hausa, kafin su kai ƙarshe yaren Sango ya ƙwace, Faransanci ya rufe. Ta yi sallama, ta ajiye jaka, ta juya wajen katanga, ta dafe ƙirji.

"Kaka! Me ya hau lallenki?"

"Gaisuwar ke nan? A makarantar taku ba a koyar da ina kwana?"

"Ina kwana. Kaka, wa ya kawo miki wannan?"

"Bishiya ce nake raino. Yarinya ce tukuna, ba ta yi ganye ba."

Hafiza ta kalle ta, ta kalli zaren, dariya ta kama ta har sai da ta zauna a kan turmi. Tasalla ta ɗauki muciya ta nuna ta da ita.

"Tashi min daga turmi, mara kunya. Me aka yi na dariya?"

"Yi haƙuri, tsohuwa. Wannan ba zai taɓa yin ganye ba. Ba yaro ba ne. Ya riga ya girma, har jikoki gare shi, ba ki ga 'ya'yansa a ƙasa ba? Waɗannan ƙurarrajin bakinsa ne. Ya huda lallenki yana shan ruwan jikinsa. Ruwan da kike zubawa, lalle ya ja, shi kuma ya sha daga lalle."

Tasalla ta ajiye muciya. Ba maganar shan ruwan ce ta tsaya mata ba, wannan zuciyarta ta daɗe da raɗa mata. Ɗayar ce.

"Ya girma, ba saiwa ba ganye? To ashe halittar ba ta ƙarasa ba ke nan. An fara shi aka bari."

"A'a. Kakanninsa suna da saiwa, suna da ganye, suna da komai. Zubarwa suka yi."

"Zubarwa? Wane mahaukaci ne zai zubar da saiwarsa?"

Hafiza ta buɗe jaka ta ciro wani ɗan madubi mai ƙara girman abu, wanda suke ratayawa a wuya in za su fita duba tsirrai. Ta tsinko zaren ta kanga mata a ido. Da farko Tasalla ba ta ga komai ba sai girar idonta. Da ta daidaita, sai ga wasu 'yan ɓawo-ɓawo manne a jikin zaren, nan ɗaya can ɗaya, ƙanana kamar ƙwan kwarkwata.

"Kin gan su? Ragowar ganye ke nan. Abin da ya saura."

"Wannan? Ko ƙuda ba zai fake a ƙarƙashinsa ba."

"Tsaya ma ki gani. Avokan Mama Inno ya yi fure?"

Bishiyar avoka, wadda Alhasan ke kira fiya, a gidan Inno take, amma rabin rassanta a gidan Tasalla suke, abin da ya haddasa musu rigima kusan duk shekara a kan wa ke da wanda ya faɗo. Hafiza ta taka bokiti ta tsinko reshen fure. Inno, wadda ashe tun ɗazu kunnenta na jikin katanga, ta ɗago kai.

"Wa ke taɓa min bishiya?"

Hafiza ta gaishe ta da Sango: "Bara ala, Mama Inno. Fure ɗaya kawai."

"Fure ɗaya avoka ɗaya ne. Me za ku yi da shi?"

"Ba ruwanki," in ji Tasalla. "Karatu muke yi."

Ai kuwa kafin a ce me, Inno ta zagayo ta ƙofa da zaninta a hannu.

Hafiza ta ɗora furen avoka a tafin kakarta, ta ɗora na zaren kusa da shi, ta ce ta duba 'yan sandunan da ke tsakiya, inda garin fure yake fitowa. Tasalla ta daɗe tana kallo, tana matso da madubin tana ja da baya. Can sai ta ja numfashi.

"Tagogi! Ga wasu 'yan tagogi, murfinsu ya ɗaga sama, kamar na shagon Alhasan in ya tokare shi da sanda."

"To duba ɗayan."

Ta duba. Ƙanana ne ƙwarai, sai da ta runtse ido ɗaya, amma suna nan. Tagogin nan dai, murfi a ɗage.

"Yawancin furanni tsagewa suke yi," in ji Hafiza. "'Yan gidan su avoka kuwa tagogi suke buɗewa. Masana sun duba wannan, sun kuma duba abin gadon da ke cikin jikinsu, sun ga dangi ɗaya ne. Fasa ɗansa ma ki gani, ƙwallo ɗaya ne a ciki."

Tasalla ta ɗaga kai ta kalli bishiyar Inno, doguwa har ta wuce rufin kwano, ganye kamar tafin hannu. Ta sauke ido kan zaren. Wani murmushi ya fara daga gefen bakinta, irin wanda take yi a gidan suna.

"Kunne," ta ce a hankali. "Kunnen gidansu ne. Inno, kin ji? Ɗan'uwan bishiyarki ne. Ashe daga zuriyarku ɓarnar ta fito."

"Kar ki sa min bishiya a cikin shirmenki. Tawa da saiwarta, da mutuncinta."

"Kowane gida akwai irinsa, ƙawata. Kar in fara lissafa na gidanku."

Inno ta yi tsaki, amma ita ma ta karɓi madubin ta duba, ta ce ita ba ta ga taga ba, sai dai in ƙofar kaji.

Tasalla ta koma kan kujera. Lallen na can na mutuwa, ta sani, amma tambayar da ke cinta ta fi ƙarfinta.

"Zo nan, 'yar boko. Ni tun ina yarinya abin da na sani shi ne duniya gaba take yi. Ke ma da bakinki, shekarar da kika shiga jami'a, kika zauna nan kika ce wai rai daga wasu ƙwayoyi ya fara waɗanda ido ba ya gani, aka yi tsutsa, aka yi kifi, aka yi mai ƙafa huɗu. Na ce Allah ya fi ku sani, na ƙyale ki. Amma ko a maganar taku ai ƙari ake yi. Yanzu kuma kin ce wannan ragi ya yi. Wanne zan kama?"

"Duka biyun, Kaka. Wasu zuriyoyin sun ƙara, wasu sun rage. Kin san tsutsar nan mai faɗi da ake samu in an ci naman da bai dahu ba?"

"A lungun mahauta nake, ni za ki tambaya?"

"Ba ta da baki, ba ta da hanji. Danginta na cikin ruwa suna da su. Ita da ta samu wurin da abinci ke zuwa mata a narke, sai waɗanda ba su ɓata ƙarfinsu wajen yin hanji ba suka fi haihuwa. A hankali a hankali hanjin ya tafi."

"Kamar haƙorana. Talatin da biyu aka ba ni, saura tara, kuma kunu bai gagare ni ba."

"Ba haka ba ne, ke a rayuwa ɗaya kika zubar, kuma Baba da haƙoransa aka haife shi. Wannan sai an haihu an haihu, shekarun da ba za su ƙirgu ba."

"An haifi ubanki da haƙora? Ni na haife shi, dasashi ne zalla."

"Kaka, kin gane abin da nake nufi!"

Ta gane. Tsokana ce kawai ba ta iya bari. Ta ce to, a taƙaice, gaba ake yi ko baya? Hafiza ta sosa kai ta cikin ɗankwali, ta ce ko malamansu ba su gama wannan gardamar ba. Gaskiya ne, a yau akwai halittu masu sassa da yawa fiye da na farkon zamani, giwa da mutum da bishiyar avoka. Amma waɗancan ƙwayoyin na farko ba su tafi ko'ina ba, suna cikin ƙasa, suna cikin rijiya, suna cikin cikin kowa, kuma sun fi duk sauran yawa nesa ba kusa ba. Abin da ake gardama a kai shi ne, akwai abin da ke tura rai zuwa sama, ko kuwa kowa hanyar cin abincinsa kawai yake bi, wasu hanyar ta kai su ga ƙari, wasu ga ragi.

Tasalla ta yi ta juya maganar, tana kaɗa ƙafa. Can ta ce, "Kasuwa."

"Wace kasuwa?"

"Tamu. Lokacin da aka kawo ni nan, kowa da faranti yake talla. Wanda ya fara da faranti ba inda zai faɗa, ƙasa da faranti ai sai zama. To wasu suka yi tebur, wasu kanti, wasu har bene. Baƙo in ya sauka, benen zai gani ya ce kasuwa ta hau. Amma je ki ƙirga masu faranti yau, sun fi masu bene sau nawa? Sannan ga irin su mijin Habiba, da kantinsa da ma'aikatansa, ya duba ya ga wansa na da tukunya babba, ya rufe kanti ya koma zauren wan. Shekara goma sha biyu ke nan. Ya fi wan ƙiba."

"Tasalla, a gaban yarinya?" in ji Inno, tana matsowa don ta ji sauran.

Hafiza ta riga ta ciro biro tana rubutu a bayan hannunta. Ta ce wallahi sai ta faɗi wannan a aji, ba da sunan mijin Habiba ba.

"Ki faɗa da sunan, kowa ya sani."

Duk da haka Tasalla ba ta miƙa wuya ba. Ta ce tagogi ta gani, ɓawo ta gani, amma saiwar da aka ce an zubar ba ta gani ba, kuma ita ba ta yanke wa kowa hukunci da jita-jita. Inno ta yi dariyar da sai da ta riƙe katanga. Hafiza ta tsuguna a gindin lallen, inda ƙasa ke jiƙe saboda ban ruwan wata uku, ta share busassun ganye da hannu, sai ta kira kakarta.

'Ya'yan da suka zube sun tsiro. Ga su nan birjik, siraran zare kore-kore, tsawon yatsa, tsawon taƙi, sun miƙe suna lilo. Hafiza ta tono ɗaya da tsinke. A gindinsa ga 'yan saiwoyi farare guda uku ko huɗu.

"Ga saiwa!" Tasalla ta yi ihu. "Inno, ga saiwa! Na ce miki!"

"Ganye muka yi da ke, ba saiwa ba."

"Duba wannan kuma, Kaka."

Wani ne da ya riga ya kai ga reshen lalle, ya naɗe shi, ya kafa bakunansa. Daga reshen zuwa sama ya yi kauri, ya fara ɗaukar ruwan ɗorawa. Daga reshen zuwa ƙasa kuwa ya motse, ya bushe kamar gashin masara. Tasalla ta taɓa shi da farce, ya katse. Na saman ko gezau.

Ta daɗe a tsugune, har gwiwoyinta suka fara ƙara. Wato abin da ta kwashe wata tara tana jira ya sauko, da shi ake haihuwarsa. Yana samun wanda zai hau, shi yake fara yarwa.

"Ba jariri ba ne," ta ce. "Tsohon ɗan duniya ne. Ni kuma ina ta ɗebo masa ruwa da ciwon bayana."

Hafiza ta ce tsinkewa ba za ta yi ba, duk guntun da ya saura manne a ɓawo zai sake tashi. Sai dai a bi reshe reshe a yanke waɗanda ya kama. Suka duba tare. Babu reshen da bai kama ba, ko a jikin tsohuwar. Hafiza ta ce ita iyakar abin da ta sani ke nan, ba ta san ko lalle zai jure a yanke shi duka ba.

"Wannan kuma ni na sani," in ji Tasalla. "Inno, ara min addarki."

"Tasalla, Sallah fa? Amare fa?"

"Su sayi na kanti bana. Hannunsu ba zai guntule ba."

Ita da kanta ta sara, ba ta bar wa kowa ba. Ta fara da na tsakiya, ta bi da na dama, kowanne daidai gwiwa. Da ta zo kan tsohuwar ta tsaya, ta dafa ta, ta yi bismilla, bakinta ya motsa da wata magana da ko Inno ba ta ji ba, sannan ta ɗaga adda. Suka ja rassan da zaren waje suka cinna musu wuta, lungu ya cika da ƙamshin lalle. Suka dawo suka tsince 'ya'yan da tsiron ɗaya bayan ɗaya, suka kankare ƙasar sama suka zubar. Alhasan ya zo cin tuwo da azahar, ya ga kututture uku, ya ga adda a hannun Tasalla, ya tuna yana da baƙo a shago.

Tsiro ɗaya ne kawai ba ta ƙona ba. Ta dasa shi a gwangwanin tumatir, ta kafa masa tsinken tsintsiya, ta ajiye a bakin taga nesa da duk wani abu mai rai.

"Na mene ne kuma wannan?" in ji Hafiza.

"Ina so in gani. In ya rasa wanda zai hau, yunwa ta ci shi, ko zai tuna yadda ake ganye."

"Abin da zuriya ta zubar da wuya ya dawo, Kaka."

"Da wuya kika ce. Ba ki ce ba ya yi ba."

Kullum da safe, kafin ta ɗora koko, sai ta duba gwangwani sannan ta duba kututture. Zaren ya naɗe tsinken, ya ga ba ruwa a ciki, ya wuce shi ya miƙa cikin iska. In ta sa masa alama da gawayi a jikin bango, kafin la'asar kansa ya juya wani gefen, yana zagaye a hankali kamar makaho mai neman ƙofa. Ta ba shi ruwa, ta ba shi kashin kaji, ta yi masa magana. Ya ƙara tsawo, ya ƙara sirancewa. Inno kan leƙo ta tambayi lafiyar maraya.

A sati na uku kututturen dama ya fitar da 'yan jajayen idanu a jikin ɓawo. Na tsakiya ya bushe har ciki, ta tone shi ta yi girki da shi. Tsohuwar kuwa shiru, ba toho ba bushewa. Azumi ya kama, Tasalla ta daina zuwa gidajen mutane, har aka fara tambaya ko ba ta da lafiya, don an yi saki biyu a lungun ba a ji ta bakinta ba.

A sati na bakwai, ranar wata Talata, ta tarar da zaren ya kwanta a bakin gwangwani, ya yi launin toka. Ta ɗauki madubin da Hafiza ta bar mata aro, ta bi shi daga gindi har kai. 'Yan ɓawon nan ne dai, ko ɗaya bai buɗe ba. Ta ce, "Allah sarki, ka manta da gaske."

Da madubin a hannu ta wuce wajen katanga, ta tsuguna a gaban kututturen uwarta kamar yadda ta saba. A ƙasa can, kusa da tsohon tabon wuta, ɓawon ya tsage kaɗan. Ta kanga madubi. Abu ne ja, bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma ta ga ganye biyu a naɗe, kowanne da jijiyarsa.

"Inno!" ta ƙwala kira. "Inno, fito ki zaga lungu! Ga ganye!"

Kan Inno ya ɓullo ta saman katanga. Ta leƙa gwangwani, ta leƙa kututture.

"Ba a kan wannan muka yi ba."

"Ganye ɗaya tal kika ce. Ga biyu. Ɗauko mayafinki, ni zan raka ki, akwai gidajen da nake so mu fara da su."